Baƙon da Ke Cikin Gilashi

To, ku gyara zama. Kai Mudi, kashe rediyon nan, ba wani sabon abu za su faɗa ba. Yau ba labarin dariya na zo muku da shi ba, wanda dariya ta kawo shi ya tashi tun yanzu, ba zan riƙe shi ba. Labarin wata tsohuwa ne da mijinta da 'ya'yanta uku da kifi guda ɗaya tak. In na kai ƙarshe akwai shari'a, ku ne alƙalai, don haka kada wanda ya katse ni.

Sunan tsohuwar Yalwa, 'ya'yanta suna ce mata Inna. Mijinta Baba Jatau masunci ne ɗan masunta, a wani ƙauye da ake kira Gaɓar Tsamiya, can cikin fadamar Haɗeja. Mutum ne mai kafiya, in ya ce a'a sai dai ka haƙura. 'Ya'yansu maza uku duk sun bar sana'ar ruwa sun taho Kano. Babban, Haladu, direba ne, motar hayar wani yake ja. Na tsakiya, Ilu, wanzami ne, don tun yana ƙarami Inna ta ba wanta riƙonsa, wan nata kuwa wanzami ne a birni. Autansu Sabi'u tela ne. Gida ɗaya suka kama a Dakata, kowa da sashensa da iyalinsa.

Tsufa bai kama Baba Jatau ta ƙafa ko ta ido ba, ta kai ya kama shi. Inna ce ta fara lura. Sai ya fita da kwale-kwale da safe ya kasa gane hanyar gida, a ruwan da ya sani tun yana tsirara. Ran nan aka tsinto shi cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye fadama, kwale-kwale ya kife, ruwa iya wuya, yana ta kiran ubansa da ya daɗe da rasuwa. Inna ta aika wa 'ya'yanta su zo kafin a kawo mata gawa.

Suka zo, suka yi shawara a bayan idonsa. Sun san ko yanka shi za a yi ba zai rabu da ruwa ba, sai suka yi dabara. Ilu, da yake shi ne mai sanyin baki, ya ce masa asibiti za a kai shi a duba shi, a je yau a dawo gobe. Haladu ya kawo mota ya ɗauke shi da Inna. Sabi'u ya tsaya a baya ya sayar da kwale-kwalen da duk kayan kamun kifi, don kada tsohon ya sami abin da zai koma dominsa. Kowa ya sa hannu, ba mai cewa babu ruwansa. Kafin ku zage su, ku tambayi kanku abin da za ku yi in naku uban ne.

A lokacin hankalin tsohon zuwa yake yana tafiya. Wata safiya ya tashi garau, ya tambaya yaushe za a koma gida, wata surukarsa da ba ta san dawan garin ba ta fasa ƙwan. Ya sa aka tara masa su ukun a tsakar gida. Bai ɗaga murya ba, wallahi da ya ɗaga da abin ya fi sauƙi. Ya ce, "Kun yi mini ƙarya, kun raba ni da ruwa, kun sayar da jirgin da na ciyar da ku da shi. Ban yafe muku ba. Ku ukun nan, ban yafe ba, duniya da lahira."

Inna ta ce a ranta bari ya huce, ai zama da shi ya koya mata yadda ake lallashinsa. Kash, bai huce ba, mantuwa ce ta rufe shi da maganar a bakinsa. Kafin a ankara ya daina gane 'ya'yansa kwata-kwata. Haladu, ƙato mai furfura a gemu, zai durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, ka yafe mini," sai tsohon ya dube shi ya ce, "Me ka yi mini, bawan Allah? Ni ban san ka ba." Wani lokaci ma yakan ce na yafe don a ƙyale shi, yadda mutum zai sallami mai talla, amma su da Inna duk sun san wannan ba ita ce ba. Ku kun san nauyin uba ya shiga kabari bai yafe wa ɗansa ba. Wannan tsoro shi Inna take kwana da shi take tashi da shi, ba ta da wani buri a duniya sai ya janye maganar nan kafin ya cika.

Shi kuwa ya juya fuskarsa bango, abinci sai an yi da gaske. In ya ji ƙarar inji ko na babur ne, sai ya hau makyarkyata yana cewa sun zo ɗaukarsa.

Wata rana Inna ta je kasuwa neman tarwaɗa mai rai, ko romon gida zai buɗe masa baki. A cikin bahon mai kifi ta hango ɗan talibambam kamar babban yatsa, ya biyo kaya daga fadama. Ga ku 'yan birni da ba ku san shi ba, kifi ne mai jiki kamar ƙaramar gora, da ratsi-ratsin rawaya, bakinsa kamar na aku. Ba a cin sa don yana da dafi, in kuma aka taɓa shi sai ya kumbura ya zama ƙwallo, yaran ƙauye su yi ta wasa da shi. Mai kifi ya ce, "Inna, jefar da shi zan yi." Ta ce ya ba ta, ita kanta ba ta san dalili ba. Ta kawo shi gida a kwano ta ajiye a gaban mijinta.

Baba Jatau ya daɗe yana kallon kwanon. Can ya sunkuya ya ce, "Kai ma sun kawo ka? Kai ma ƙarya suka yi maka?" Inna ta fita tsakar gida ta ci kukanta ta ƙoshi. Daga ranar ya sa wa kifin suna Baƙo.

Aka sa masu yankan gilashi suka haɗa akwati babba, aka zuba yashi a ƙasa, aka sa ɗan injin nan mara ƙara da ke hura iska a cikin ruwa, aka ajiye a ɗakin tsohon. Ruwan rijiya ake zubawa, don na famfo akwai maganin da ake sa masa wanda ke kashe kifi. Baƙo ya yi ta girma har ya kai tsawon tafin hannu biyu. Kuma kada ku raina shi don kifi ne, ya san mutum. In Baba Jatau ya matso sai ya taho jikin gilashi yana kaɗa 'yan fikafikansa, ido ɗaya na kallon nan ɗaya na kallon can, in an daɗe ba a kula shi ba ya feso ruwa. In wani ne kuwa sai ya koma lungu ya yi zuru.

Tsohon ya kafa doka, ya ce shi ba ya cin abinci baƙonsa na kallo. Sai Baƙo ya ci zai buɗe baki. Inna ta ga ta samu, ta ba kifi, ta ba miji. Abin da ya fi wannan, wani lokaci in yana kallon kifin hankalinsa kan dawo na ɗan lokaci, kamar an ɗaga labule an saki. Ya gane ta, ya kira sunanta, ya tambayi mutanen ƙauye. Da zarar ta ambaci 'ya'yan sai fuskarsa ta haɗe, kafin ta gama magana ya sake ɓacewa. Duk da haka ba ta cire rai ba, tana jiran ranar da zai daɗe a farke.

To ga inda kuskure ya shigo, kuma na ƙauna ne. Inna ta ɗauki kifin nan baƙon daraja, yadda mijinta ya ɗauke shi. Yadda take lailaya wa tsohon abinci don ba shi da haƙori, haka take yi wa Baƙo. Tsoka zalla take ba shi, ta cire ƙaya tas, ta daddatsa hanta ƙanana, duk abin da ke da tauri ta ware kada ya shaƙe shi. Ita matar masunci ce, amma a Gaɓar Tsamiya wa ya taɓa kiwon talibambam? Mutum ɗaya ne a gidan zai iya ce mata ba haka ake yi ba, shi kuwa ga halin da yake ciki.

Azumi ya zo a tsakiyar bazara, irin zafin nan da bango ke ƙona tafin hannu. Baƙo ya daina ci. Yana son abincin, zai taho da sauri ya bugi tsoka da baki, ta suɓuce, ya sake, ta suɓuce, ya haƙura ya koma lungu. Cikinsa ya shafe. Inna ta kawo wa mijinta kunu, ya ture, ya ce, "Baƙo bai ci ba." Ta kawo fura, ya ce, "Baƙo bai ci ba." Aka kira likita ya sa masa ƙarin ruwa, tsohon ya fizge allurar. Ana cikin haka, kamar da gayya, taransifomar unguwa ta ƙone. Ɗan injin iska ya yi tsit, ruwa ya ɗauki zafi, kifi ya taso sama yana haki. Aka aro janareta wurin maƙwabci, ana tayar da shi tsohon ya rarrafa ƙarƙashin gado yana ihu, "Mota! Sun zo!" Ba shiri aka kashe. Kada wani ya ce mini sola, lokacin ba ta zo gidan talaka ba.

Inna ta tara 'ya'yanta a soro. Ta ce, "In kifin nan ya mutu, ubanku ya mutu. In ya mutu haka da maganar nan a bakinsa, kun shiga uku, ni ma na shiga. Ban san abin da za ku yi ba, amma ku yi."

Yanzu ku kasa kunne da kyau, don a kan abin da zan faɗa za ku yi hukunci.

Sabi'u shi ya ɗauki ruwa. Ya gane cewa in aka ɗebi ruwan da moɗa aka zubo shi daga sama, kumfar da yake yi tana shigar da iska, kifin ya sauka ya huta. In aka tsaya kaɗan sai ya sake tasowa yana haki. Aiki ne da ba shi da ƙarshe, kuma ba mai karɓarsa, don tun da kifin ya kamu da ciwo tsohon ba ya barin mata ko yara su matso gilashin, da sanda yake bin su. Sabi'u kaɗai ya yarda da shi, don ya ɗauka ɗan garuwa ne, mai ruwa ma yake ce masa. Goman ƙarshe ne na azumi, lokacin da tela ke samun abin da zai ci shekara, amma ya garƙame shago. Ya jiƙa buhuna ya lulluɓe gilashin, ya jawo ruwan rijiya ya bari ya huce, ya canza kaɗan-kaɗan. Sauran lokacin duk yana tsaye, ɗebo, zubo, ɗebo, zubo, dare da rana, in dama ta gaji ya koma hagu. Ku tuna yana azumi, leɓɓansa sun tsage, ga ruwa yana zuba a gaban idonsa tun safe har magariba. Masu ɗinkin Sallah suka yi ta zuwa ƙofar gida suna zagi, suka kwashe yadudukansu, da yawa har yau ba su dawo ba. Inna takan leƙo ta gan shi yana gyangyaɗi a tsaye, hannun bai daina ba, uban kuma yana ce masa, "Mai ruwa, ƙara himma." Ba don Sabi'u ba da kifin bai kai kwana na biyu ba, balle a yi zancen magani.

Haladu shi ya tafi neman dalili. Ya ce ciwon kifin fadama sai mutanen fadama. Ya ɗauki motar maigidansa ba fasinja ba izini, a daidai lokacin da tasha ta cika da masu tafiya Sallah, ya nufi Gaɓar Tsamiya, inda bai taka ba tun ranar da ya ɗauko ubansa. Ya yi sallama a majalisa, mutane suka amsa ciki-ciki suka kau da kai. Ya nemi aminin ubansa, wani tsoho da ake kira Ɗan'iya wanda ido ya tafi. Ɗan'iya ya bar shi durƙushe a rana, ya wanke shi tas a gaban yara, ya kira shi ɗan da ya sace ubansa. Haladu bai ɗaga kai ba. Da tsohon ya gaji da faɗa, Haladu ya kwashe labarin kifin ya gaya masa. Ɗan'iya ya ce, "Me kuke ba shi?" Haladu ya ce tsoka zalla, har ƙaya Inna ke cirewa. Ɗan'iya ya tafa hannu ya ce, "Kun kashe shi da gata! Duk talibambam ɗin da na taɓa farkewa, cikinsa cike yake da ɓawon katantanwa. Haƙoransa tsiro suke kamar farce, tauna abu mai tauri ke rage su. Sun rufe masa baki ke nan. Sai an datse su, sannan a ba shi katantanwa kullum. Kuma ku kiyaye, kada ya haɗiyi iska a waje, in ya kumbura da iska ba lallai ya sace ba."

Katantanwa kuwa a bazara sai can tsakiyar kacala, inda ruwa ya ja ya bar caɓo. Ba wanda ya raka shi. Ya shiga shi kaɗai, taɓo iya ƙugu, yana lalube da hannu, matsattsaku suka yi masa caa a jiki, wani abu mai kaifi ya tsaga masa tafin ƙafa. Inna ba ta ga wannan da idonta ba, amma ta ga yadda ya shigo gida, bokiti cike da katantanwa masu rai, ƙafa ta kumbura suntum, zazzaɓi na kaɗa shi. Kafin ya zauna mai motar ya aiko aka karɓi mukulli. Ba don Haladu ba da har kifin ya mutu ba wanda ya san abin da ke damunsa, da kuma ko an warkar da shi ciwon ya dawo.

Amma katantanwa ba ta da amfani ga bakin da ba ya buɗuwa. Nan ne Ilu ya ce, "In yanka ne, aikina ne." Ya san in kifin ya mutu a hannunsa, shi ya kashe ubansa. Kuma yaya za ka riƙe kifin da yake kumbura in an taɓa shi? Sai ya tuna kanumfarin da yake sa wa masu ciwon haƙori, yadda yake kashe dasashi. Ya daka, ya jiƙa, ya sayo ƙananan tarwaɗa ya yi ta gwaji a baho. Wasu suka kwanta ba su tashi ba, wasu ko gezau. Bai taɓa Baƙo ba sai da ya sami daidai gwargwadon da kifi zai yi barci ya farka.

Da hantsi aka yi aikin. Inna ta zauna tsakanin mijinta da bahon, ta ce masa, "Malam, wanzami ne ya zo yi wa Baƙo aski." Ya gyaɗa kai ya ce, "A yi masa a hankali." Ilu ya kamfato kifin da kwano, da ruwansa, ya zuba a ruwan kanumfari. Baƙo ya yi 'yan juye-juye ya kwanta a gefe. Ilu ya tallafe shi da jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin ruwa, ya sa abin yanke farce, ƙyas, ƙyas, sama da ƙasa, kaɗan-kaɗan, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya mayar da shi ruwa mai kyau, kifi ya ƙi motsi. Sabi'u ya yi salati, Haladu ya rufe fuska. Ilu bai saki ba, ya riƙe shi yana kai shi gaba yana dawo da shi don ruwa ya ratsa shi, har sai da kowa ya fid da rai. Kwatsam kifin ya farka, abin da ya fara yi da sabon bakinsa shi ne ya damƙi kan yatsan Ilu, manunin hannun dama. Ku da kuke zaune nan, wa zai iya hana kansa fizge hannu? Ilu bai fizge ba, don in ya fizge zai ɗago kifin sama ya haɗiyi iska. Ya cije, ya bar hannun cikin ruwa har kifin ya datse kan yatsan ya saki don kansa. Tun daga ranar aska ba ta sake zama daidai a hannunsa ba. Ba don Ilu ba da ruwan Sabi'u da katantanwar Haladu duk sun tashi a banza.

Washegari da la'asar aka jefa ƙaramar katantanwa a gilashi. Baƙo ya juya ido ɗaya, ya juya ɗayan, ya matso a hankali. Sai ƙaras! Duk ɗakin aka ji. Ya tauna, ya furzar da ɓawo, ya nemi wata. Baba Jatau da ke kwance kamar tsumma ya ɗago kai, ya ce a ba shi kunu.

Ya sha cokali kaɗan ya koma ya kwanta. Inna ta yi jinyar mutane da yawa a rayuwarta, ta san abin da take gani. Ƙafafunsa sun yi sanyi, hancinsa ya tsaya, numfashi na fita da ƙyar. An ceci kifi, amma yunwar ta riga ta gama da mai shi. Sai dai idanunsa sun washe tar, irin washewar da ta daɗe ba ta gani ba.

Ya ce, "Yalwa."

Ta ce, "Na'am, Malam."

"Ina muke?"

"Kano, Malam."

Ya ce, "Baƙo ya kusa tafiya. Ina gani, bakina ne ya ƙi. Wa ya cece shi?"

Ga ranar da Inna take jira ta zo. Ta ce, "'Ya'yanka ne, Malam, su ukun. Ga su can a bakin ƙofa. Don Allah don Annabi ka yafe musu."

Fuskarsa ta haɗe, amma wannan karon bai ɓace ba. Ya ce, "Su ukun suka taru suka yi mini ƙarya, ban manta ba. Ke uwa ce, so kike ki haɗa su ki wanke. Ni jirgi ya sha kifewa da ni, mutane da yawa kan yi ihu a gaɓa, wasu su shigo ruwan ma, amma kullum akwai wanda ya kamo ni. Shi nake tambaya. Faɗi sunansa in yafe masa, in sa masa albarka tun ina da baki. Sauran biyun na bar su da Allah."

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa, ta fara lissafa masa abin da kowa ya yi. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya ce, "In kika sake ce mini uku, na yi shiru in tafi da abata. Suna ɗaya, Yalwa."

Ta san mijinta, ba wasa yake ba. Ta waiwaya bakin ƙofa. Ga Haladu ya dogara da bango, ƙafa ɗaya ba ta taka ƙasa. Ga Ilu da hannu naɗe da tsumma, jini ya ɓullo. Ga Sabi'u da moɗa a hannu, kafaɗa ta ƙage, ko ɗaga ta ba ya iyawa. Duk sun ji abin da aka faɗa. Ba wanda ya ce ni ne, ba kuma wanda ya iya cewa a ba ɗan'uwana. Kada ku ga laifinsu, zancen lahira ake yi. Kowa ya sunkuyar da kai yana jiran bakin uwarsa.

Allah sarki Inna. In ta kira babban, ɗan fari ne, tun da ta haife shi kunya ba ta taɓa barinta ta furta sunansa ba, yau sai ta furta ta jefar da ƙannensa. In ta kira Ilu, wanda bai yi ƙuruciya a ɗakinta ba, sauran za su ce bashin riƙo take biya. In ta kira Sabi'u, za a ce dama tun can Auta ta fi so. Duk wanda ta kira, da bakinta ta bar biyu a ƙarƙashin maganar uba har abada. In kuma ta yi shiru, ta rasa duka ukun. Tana kallon idon mijinta, hasken nan ya fara raguwa, leɓɓansa na motsi yana cewa, "Wane ne? Ina ji."

Nan zan tsaya. Kada wanda ya ce mini ta sake roƙonsa, an rufe wannan ƙofar. Kada kuma a ce ta bari sai gobe, tsohon nan ba zai ga magariba ba. Wanda ya hana kifin mutuwa da moɗa yana azumi, da wanda ya sha wulaƙanci ya shiga caɓo ya gano ciwon, da wanda ya ba da yatsansa ya buɗe masa baki. To, jama'a, sunan wa Inna Yalwa za ta kira?